Ranar da Muka Share Bakin Teku

Dakta Muhammad Awwal ya ce duk Hausawan da ke North Carolina babu wanda ya kai shi sanin teku. Ya ce shekara bakwai ya yi a Ingila, da ƙarar ruwa yake barci da ita yake tashi, har ta kai in ya shaƙi iska sau ɗaya zai gaya maka abin da teku zai yi gobe. A falonsa na Summerfield ya faɗi haka, wata Lahadi bayan azahar, yana zaune ƙarƙashin hoton wani jirgin ruwa wanda har yau takardar farashin kantin gwanjo na manne a gefensa. Babana ya ce, "Ikon Allah." Ni kuwa na ci gaba da ɓare gyaɗa.

Dakta dai ba ya duba mara lafiya. Digirinsa na uku a kan yadda ake tafiyar da ma'aikata ne, aikinsa kuma a wani ofishin inshora cikin gari. Amma kar ka kuskura ka ce masa Malam ko Alhaji zalla, sai ya yi kamar ba da shi kake ba. Har a lambar motarsa an rubuta Dakta, don kar masu bin sa a baya su zauna cikin jahilci.

Ni sunana Hafiza. Shekarata ashirin da uku, ba ni da digiri ko na farko. Ina da sha shida muka zo daga Kano. Na yi shekara ɗaya a ajin koyon Turanci ana nuna mini hoton ayaba ana cewa in faɗi sunanta, na gaji na koma garejin Baba a East Greensboro. Kanikanci a hannunsa na koya. Sauran kuma a laburaren cikin gari na karanto, duk Asabar in hau bas in je in kwaso littattafan injina in dawo. Masu kamun kifi a tabkunan arewacin gari suna kawo mana injinan kwalekwalensu, Baba ba ya son su, ya ce warin kifi suke yi, sai ya bar mini. Ta haka na san su ciki da waje.

Wata rana motar wani dattijon Bature ta mutu a babbar hanya yana jan jirgi, aka jawo shi garejinmu. Na gyara masa motar, na kuma gaya masa injin jirgin nasa ma ya kusa mutuwa, na nuna masa inda ruwa ke shiga. Ashe yana da wurin gyaran jirage a Wilmington, bakin teku. Bayan sati ya kira ya ce in zo aiki, zai koya mini manyan injina, akwai wata 'yar Sudan mai ba da hayar ɗaki kusa da masallaci. Ya ce zai riƙe mini gurbin har Litinin ta sama, daga nan zai ba wani.

A dokar ƙasar nan ba na bukatar iznin kowa. Amma ni ba zan tafi ko'ina ba sai Baba ya sa mini albarka, shi kuma Baba ba ya yanke komai sai ya ji ta bakin Dakta. Tun da Dakta ya cike masa wasu takardu shekara bakwai da suka wuce yake ganin sa kamar shi ya shimfiɗa Amurka. Abin da ya kai mu Summerfield ke nan.

Dakta ya saurare mu idonsa a rufe, don a ga yana tunani. Sannan ya ce, "Malam Husaini, teku ba gareji ba ne. Teku ilimi ne. Yarinyar da ko kwaleji ba ta leƙa ba za ka tura ta ta zauna da shi?"

"To ai shi ya sa muka zo, ranka ya daɗe."

"Bari. Da ma na shirya wa ƙungiyarmu ta Hausawa tafiya bakin teku Asabar ɗin nan, mu kwana a tanti. Ku zo da ita. Zan duba yadda take mu'amala da ruwa, sannan in ba ka hukunci."

Na ce, "Kawu, Wilmington za mu?" Don awa uku ce kacal daga nan.

Ya yi dariya ta hanci. "Wilmington? Rairayi? Hafiza, rairayi na kowa da kowa ne. A Ingila mutanen kirki bakin teku mai tsakuwa suke zuwa. Na samo mana ɗaya can arewa, awa bakwai. Na iyali ne, ba masu yawo tsirara."

Matarsa, Anti Salwa, tana zuba mana zoɓo lokacin. Na ga hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ta ci gaba da zubawa.

Ranar Asabar muna idar da sallar asuba muka kama hanya, mota tara a jere. Dakta a gaba, da farar hular kyaftin da ya saya ta intanet, mai hoton ƙugiyar tsayar da jirgi a goshi. Kayan da muka ɗauka kuwa kai ka ce ƙaura za mu yi: kuloli na shinkafa da miya, buhun gawayi, tsiren da aka riga aka soke, tabarmi, dardumai, butoci, janareto, lasifika. Mama ta sa tsintsiyoyinta biyu da ta sa aka kawo mata daga Kano. Na ce, "Mama, teku fa za mu." Ta ce, "To a kan datti za mu zauna?"

Ƙarfe ɗaya saura muka isa. Wurin babu laifi, gaskiya. A sama akwai fili mai ciyawa an yanka shi gida-gida da lambobi, ga banɗakuna, ga famfo, ga lilon yara. Daga nan sai gangare na tsakuwa, masu sulɓi kamar ƙwan zabo, farare da baƙaƙe da masu ruwan toka. Tekun kuwa yana can nesa, ya yi lamo kamar bai taɓa cin kowa ba.

Mai wurin wata tsohuwa ce mai guntun wando da fatar da rana ta gasa. Ta nuna mana filinmu a kan ciyawa, ta ce tantin kwana a sama ake kafawa, a kan tsakuwa sai dai rumfar shan iska. Ta miƙa wa Dakta wata takarda mai jerin lambobi, ta ce ga lokutan cikar ruwa na yau da gobe. Dakta ya karɓa bai duba ba, ya ce mata da Turancinsa na Ingila, wanda yake fitowa da shi sai in ya ga Bature, kada ta damu, shi tsohon hannu ne.

Tana ba da baya ya ce, "Wannan ciyawar ta 'yan koyo ce. Wanda ya san teku a bakinsa yake kwana. Ku sauko da kaya."

Mutum ɗaya ce ta ƙi. Anti Dinatu, maƙwabciyarmu 'yar Jos, nas ce a gidan tsofaffi, ta zo da jikokinta biyu. Ta ce, "Dakta, ni dai inda aka ba ni lamba nan zan kafa. A cocinmu ma kujerar da aka nuna mini nake zama."

"Tsoro ne, Maman Nanven."

"Eh, tsoro ne. Da shi na kai sittin."

Sauran duk suka bi shi. Maza suka yi ta jidon kaya ƙasa suna zamewa a kan tsakuwa. Tantin Dakta mai ɗaki uku ne, har da baranda. Da aka zo buga turaku sai suka ƙi kamawa, ka buga nan ya fito can, tsakuwa ba ta riƙe komai. Dakta ya ce tsakuwar Amurka ce ba ta da inganci. Aka danne igiyoyin da kuloli da janareto.

A tsakiyar gangaren akwai wani dogon layi na busasshiyar ciyawar ruwa da ɓawon kaguwa da 'yan itatuwa, ya miƙe hagu da dama iya ganinka. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin teku ko da shafi ɗaya ne ya san wannan layin. Nan ruwa ya tsaya da ya cika na ƙarshe. Mu kuma mun kafa komai taku ashirin a ƙasa da shi.

Na je na ɗan rusuna na ce, "Kawu, wancan layin fa nan ruwa ke kaiwa."

"Wane layi? Wannan sharar?"

"Teku yana cika sau biyu a rana, ya janye sau biyu. Yanzu a janye yake. Takardar da matar nan ta ba ka..."

"Tayid ake ce masa da Turanci," in ji shi, ya ɗaga murya don maza su ji. "Tun ba a haife ki ba na san shi. Wata ne ke jawo shi. To ɗaga kanki. Kin ga wata?"

"A'a, Kawu."

"Kin ga hadari? An yi ruwa jiya?"

"A'a."

"To da me zai cika? Ko madatsar ruwan Tiga ma sai damina take tumbatsa." Ya juya wajen Baba. "Ka gani, Malam Husaini? Illar karatun waya ke nan. A tsinci kai a bar gangar jiki."

Maza suka yi dariyar da ake yi wa babban mutum in ya yi abin da ya yi kama da barkwanci. Baba ya sunkuyar da kai. Takardar kuwa na gan ta daga baya a hannun masu gasa tsire, da ita aka kunna gawayi. Da ma na riga na ɗauki hoton irinta da ke manne a jikin allon ofishin tsohuwar.

Sai Dakta ya ce wannan ƙazantar ba za ta zauna a bayanmu ba, yara za su taka, kuma Turawa za su ce mu ne muka zubar. A share. Mama ta fito da tsintsiyoyinta tana kallona, wato ga amfaninsu. Mata shida suka duƙa. Share tsakuwa da tsintsiya wani aiki ne da ban taɓa gani ba kuma ba na fatan sake gani. Abin da tsintsiya ta kasa suka tsince da hannu suka zuba a leda. Cikin rabin awa suka kwashe layin tas, tsawon inda muka zauna. Abu ɗaya da tekun ya rubuta mana da hannunsa, muka goge shi, muka kai bola.

Kafin su gama na ja Baba gefe na nuna masa wayata. "Baba, bakwai saura minti takwas ruwa zai kai nan daidai inda nake tsaye. Ba zai wuce sosai ba. Daga nan ya koma."

"Ke Hafiza, Dakta fa ya ce..."

"Na ji abin da ya ce. In mai mota ya ce maka birkinsa lafiya lau, yarda kake ko takawa kake?"

Baba ya sake duban wayar. Sai ya je ya ɗauko butarsa, shuɗiya, ya cika ta da ruwa, ya zo ya dasa ta cikin tsakuwa daidai ƙafata. Ya koma wajen maza. Ni kuma na kwashe jakar maganinsa da kular Mama da bargunanmu na kai tantin Anti Dinatu, na ce inuwa ta fi a can. Kayan Dakta ban taɓa ba. Wanda ya yi shekara bakwai a Ingila ai ba ya bukatar taimakon mai karatun waya.

Aka ci shinkafa, aka ci tsire. Yara suka yi ta tsintar tsakuwa suna cika aljihu. Dakta ya tsaya a baranda da abin hangen nesa yana gaya wa mutane sunayen jiragen da ke wucewa da ƙasashen da suka fito. Babu wanda zai iya musa masa, don daga nan ɗigo kawai ake gani. Ruwan kuma yana matsowa a hankali, kamar baƙon da ba ya son a ce ya zo don abinci. Wani ya ce, "Dakta, kamar ya ƙaru ko?" Ya ce iska ce.

Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a gaban tantinsa, maza gefe mata gefe. Kowa ya cire takalmi ya ajiye a bakin tabarma ta ɓangaren ruwa, an jera su reras. Aka tayar da janareto. Dakta ya ɗauki makirfo ya tsaya a gabanmu, ya ba teku baya, don in an ɗauki hoto ruwan ya fito a bayansa. Ya ce zai yi ɗan jawabi a kan tarbiyyar 'ya'ya mata a ƙasar waje, a ƙarshe kuma zai sanar da hukuncinsa game da 'yar Malam Husaini.

Ya fara da tarihin zuwansa Ingila. Mu kuwa duka muna fuskantar teku. Mutum arba'in da wani abu, kowa na ganin abin da nake gani. Ruwa ya zo taku goma a bayansa. Ya zo taku bakwai. Ba wanda ya yi tari. Ka san mu, babban mutum na magana ba a katse shi, ko da gemunsa ne ya kama da wuta sai dai a jira ya kai aya. Shi kuma Dakta ba ya kai aya. Wata 'yar shekara huɗu ta ce da Turanci, "Momi, ruwa na zuwa." Uwar ta toshe mata baki ta ce ba a yi wa manya surutu.

Na waiga na ga Anti Dinatu a sama kan kujerarta, da kofin shayi, ta gyara zama.

"Ita mace," in ji Dakta, "kamar jirgi ce. Dole sai da matuƙi wanda ya san ruwa."

Takalma ne suka fara tafiya. Igiyar ruwa ɗaya ta zo ta ɗaga su gaba ɗaya, silifa da sandal da takalman yara masu fitila, suka bi ta a jere kamar agwagi. Ta biyu ta shiga tsakanin ƙafafun Dakta ta jiƙa masa wando har gwiwa. Ta uku ta sami janareto. Lasifika ta yi wani kuka ta mutu, yana tsakiyar cewa matuƙi.

Daga nan kunya ta ƙare. Mata suka sunkuci yara, maza suka bi takalma. Tsakuwa da ba takalmi kuwa sai wanda ya taka. Manyan mutane masu gidaje a Summerfield suna tafiya kamar kaji a kan kwano mai zafi, suna salati. Kulolin da aka danne tanti da su suka fara iyo, tantin ya saki, ya kwanta a ruwa da ɗakunansa uku da barandarsa. Akwatin Anti Salwa na ciki. Ni na shiga har ƙugu na jawo akwatin, na kuma kashe wa janareton mai kafin ya zuba a ruwan mutane. Hular kyaftin ta wuce ta gabana. Hannuwana a cike suke.

Tsohuwar mai wurin ta sauko da ƙugiya ta taya mu jawo tantin. Sai da ta ga an tsira da kowa ta tambayi wa ya kwashe mata ciyawar bakin ruwa. Mama ta ɓoye tsintsiya a bayanta.

Muka dawo sama kan ciyawar 'yan koyo, kowa na ɗiga. Anti Dinatu ta buɗe tantinta ta ba yara tawul. Ta ce, "Dakta, ga shayi. Na tsoro ne, amma da zafinsa."

Baba bai hau ba. Yana tsaye a gangare wajen butarsa, ya naɗe wando, agogonsa a tafin hannu. Na je na tsaya kusa da shi. Ruwa ya zo taku uku daga butar. Ya zo taku ɗaya. Bakwai saura goma wata igiya ta lashi gindinta ta koma. Ta bayanta ba ta kai ba. Muka tsaya har bakwai da kwata, tsakuwar gaban butar ta fara tsanewa, ga wani sabon layi na ciyawa ruwan ya ajiye, daidai inda su Mama suka share.

Baba ya ɗauki butar ya juya ta a hannu. Ya ce, "Gobe fa?"

Na duba. "Bakwai da minti ashirin na safe. Zai ɗan wuce nan kaɗan."

"Hmm." Ya mayar da agogonsa. "Ita matar 'yar Sudan, kina da lambarta?"

"Ina da ita."

"Ki ba uwarki su gaisa. Litinin da safe ki kira Baturen. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin. Ban yi tsalle ba, tsakuwa ce a ƙasa.

Da muka hau, Dakta na zaune a kujerar Anti Dinatu, an lulluɓa masa zanin wata, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. Ya riga ya tara mutane yana bayani. Ya ce abin da ya faru ba a saba gani ba, canjin yanayi ne, zai rubuta wa hukuma. Da ya ga Baba sai ya ce, "Yauwa, Malam Husaini, game da hukuncin nan..."

"An gama, ranka ya daɗe, na gode." Baba ya tsuguna ya ajiye butar. Shi ba ya gatse, da gaske yake tambaya. "Amma Dakta, don Allah, shi tekun Ingilan ba ya irin wannan ne?"

"Sam. Wancan teku ne mai tsari. Shekara bakwai ina..."

Anti Salwa na gefe tana matse leshinta ɗaya bayan ɗaya tana shanyawa a jikin mota. Ba ta ko juyo ba.

"A Leicester muka zauna, Malam Husaini," in ji ta. "Tsakiyar ƙasa ce, ba teku. Sau ɗaya ƙungiyar ɗalibai ta kai mu bakin ruwa a bas. Ni na sauka. Shi ya ce sanyi ya yi yawa, ya zauna ya riƙe mana jakunkuna."